Ranar ƙarshe a Zanzibar: wane jirgin ruwa za ka hau kafin na sama?

Duk wanda ya yi kwana biyar ko shida a Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, ya san yadda ranar ƙarshe take zuwa. An ɗaure akwatuna tun dare, otal na jiran mabuɗin ɗakinsa da ƙarfe 10 ko 11 na safe, jirgin komawa gida kuma sai yamma ko tsakar dare. Ga yini guda a hannu, ga teku shuɗi shar a gabanka, ga kuma samarin bakin ruwa, waɗanda mutanen garin ke kira papasi, suna bin ka da hotuna, kowa na rantsuwa cewa tafiyarsa ce ba a barin tsibirin ba a yi ta ba. Sau biyu na tsinci kaina a wannan hali. Karon farko ni da maiɗakina ne kaɗai, muka bi hoton da ya fi kyau, muka kuma ji a jikinmu. Karo na biyu da Hajiya mahaifiyata da yara biyu muka je, na zauna na yi lissafi kafin na biya ko sisi, muka rabu da tsibirin hankali kwance. Abin da na koya tsakanin tafiyoyin nan biyu shi ne nake so in shimfiɗa wa wanda ke shirin zuwa.

Manyan tafiye-tafiyen da za a tallata maka biyar ne: tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, tudun yashin Nakupenda, yawon yini guda a mashigin Menai daga ƙauyen Fumba, kallon kifaye a kewayen tsibirin Mnemba, sai kuma jirgin kallon faɗuwar rana. Dukkansu suna da kyau, ban ga wadda zan kushe ba. Amma ba dukkansu ne suka dace da ranar da kake da jirgin sama a gabanka ba.

Mu da muka taso muna ganin ruwan Tiga ko kogin Kwara mun saba ruwa ya ƙaru da damina ya ragu da rani. Teku ba haka yake ba. A Zanzibar ruwa na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin kowane yini da dare, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. A farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da farin wata ya cika, cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa, har bambancin kan kai kusan mita 4. Wurin da ka ga jirgi na lilo a kan ruwa da safe, da hantsi sai ka tarar da shi zaune a kan taɓo, ruwan ya yi gaba da nisa. Matuƙin jirgi, wanda suke kira nahodha, da wannan yake aiki, ba da tikitinka ba. In ruwa bai zo ba, babu yadda zai yi da kai.

Akwai kuma iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, suna ce mata kaskazi. Daga Afrilu zuwa wajen Oktoba sai ta juya ta fito daga kudu, ita ce kusi, kuma a watannin Yuni zuwa Agusta takan tayar da igiyar ruwa sosai, musamman bayan azahar. Ruwan sama mai yawa kuwa, wanda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu yake sauka. Wanda hutunsa ya faɗo cikin waɗannan watanni kada ya biya kuɗin jirgi gaba ɗaya tun jiya, ya bari sai ya ga yadda gari ya waye.

Sai wani abu ƙarami da ke rikita baƙi: agogon Suwahili daga fitowar rana yake fara ƙirga. Ƙarfe 7 na safe a wajenmu shi ne “saa moja” a wajensu, wato awa ta ɗaya. In nahodha ya ɗaga maka yatsu uku ya ce “saa tatu”, ƙarfe 9 na safe yake nufi, ba 3 na yamma ba. Ka nuna masa lokacin a fuskar wayarka ku daidaita. Ka kuma tabbata wayar ta koma agogon can, don sun riga Najeriya da Nijar da awa biyu.

Bari in fara da Changuu, don ita ce na fi ba wa mai jirgin yamma shawara a kanta. Tsibiri ne ɗan ƙarami, tsawonsa bai wuce mita 800 ba, yana kimanin kilomita 5 da ɗoriya arewa maso yammacin tsohon garin Zanzibar, wanda 'yan ƙasa ke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma ke kira Stone Town. Jiragen na tashi daga bakin ruwan da ke kusa da lambun Forodhani, tafiyar minti 20 zuwa 30 ce a ƙaramin jirgin katako mai inji da rumfa. Tun kana cikin jirgi kana hango garin a bayanka, da hasumiyoyin masallatai da tsohuwar ganuwa da gidan nan na Beit el Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883. Wannan kusancin shi ne babbar darajar tafiyar a ranar ƙarshe: ko inji ya ba da matsala, gari na gabanka, jirage na kai da kawo, filin jirgin sama na Abeid Amani Karume kuma 'yan kilomitoci ne kudu da garin.

Masu talla “Prison Island” suke ce masa, wato tsibirin kurkuku, amma tarihinsa ya fi sunan nauyi. A shekarun 1860 Sarki Majid bin Said ya ba da shi ga wasu Larabawa, suka mai da shi wurin tsare bayin da suka ƙi miƙa wuya. A 1893 Lloyd Mathews, Baturen Ingila da ke riƙe da muƙamin babban waziri a fadar Zanzibar, ya saye shi aka gina gidan yari, sai dai ba a taɓa kulle fursuna ko ɗaya a ciki ba. Aka mai da ginin wurin killace matafiyan da ake tsoron sun ɗauko zazzaɓin shawara, cutar nan da har gobe saboda ita ake tambayar mu katin rigakafi mai ruwan ɗorawa idan mun sauka ƙasar. Da na karanta wa Hajiya wannan a jikin bango, shiru ta yi tana kallon ƙofofin ɗakunan, sannan ta ce, “Allah Sarki, ko daga ina aka kwaso su.” Ba ta ƙara cewa komai ba sai da muka fito.

Kunkuran kuwa baƙi ne su ma. A 1919 gwamnan Ingila na tsibiran Seychelles ya aiko da guda huɗu kyauta, irin na tsibirin Aldabra. Suka hayayyafa har suka kai kusan 200 a 1955, sannan sata ta cinye su har saura 7 a 1996, kafin a kewaye su a fara tsaron su da gaske. Babba a cikinsu kan haura kilo 200, kuma wasu sun wuce shekara 100 a duniya. Hoto ba ya nuna girmansu. Ƙaramar 'yata, mai shekara shida a lokacin, ta tsaya kusa da wani, ƙoƙon bayansa ya kai mata ƙugu. Ya miƙo wuya a hankali, fatar duk ta yamutse kamar tsohuwar jakar fata, ya buɗe baki ya ja ganye, kana jin ƙarar numfashinsa kamar ana sauke iskar taya. Ta riƙe hannun kakarta gam, amma ta ƙi matsawa. Akwai ɗawisu suna yawo a tsakanin itatuwa, akwai inuwa, akwai wurin zama, akwai ban ɗaki. Ga mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara, waɗannan ukun na ƙarshe sun fi kowane hoto muhimmanci.

Illarta ita ce cunkoso. Daga ƙarfe 10 jirage ke fara tururuwa, kuma wanda yake neman shiru da faɗin teku ba zai same su a nan ba. Kuɗin shiga tsibirin daban yake da kuɗin jirgi, don haka ka tambaya tun a bakin ruwa ko an haɗa. Mu ƙarfe 8 da rabi muka tashi, kafin 12 mun dawo gari. Awa uku da 'yan mintoci, kuma ba wanda tufafinsa suka jiƙe in ban da ƙafar wando wajen sauka.

Nakupenda kusan kullum tare da Changuu ake sayar da ita, kuma a nan ne lissafi ke fara canjawa. Sunan na nufin “ina son ka” ko “ina son ki” da Suwahili. Ba tsibiri ba ne, tudun farin yashi ne kawai a tsakiyar teku, shi ma bai fi tafiyar rabin awa daga gari ba. Idan ruwa ya janye sai ya fito fili, fari fat, ruwa garai-garai ya kewaye shi. Idan ruwa ya ciko sai ya yi ta cin gefensa har ya kusa shanye shi ko ya shanye gaba ɗaya. Babu itace ko ɗaya, babu gini, babu makewayi. Masu jirgi ne ke kafa rumfar zane, su hura gawayi su gasa kifi da jatan lande da halittar nan mai hannuwa takwas da suke kira pweza, su yanka abarba da kankana da mangwaro.

Kyau kam, ta fi Changuu nesa ba kusa ba. Amma lokacin zuwa da na tashi ba a hannunka yake ba, a hannun ruwa yake. In janyewar ranar ta faɗo da hantsi, ka yi sa'a, za ka iya haɗa biyun ka dawo wajen ƙarfe 3. In ta faɗo da la'asar, ko dai ka tarar da ɗan guntun yashi da mutum ɗari a kai, ko ka dawo a makare. Kuma a nan dole a jiƙe, dole yashi ya shiga ko'ina, rana kuma tana dukan mutum daga sama tana dawowa daga farin yashin. Kada wani ya ce maka baƙar fata ba ta ƙuna: kafaɗuna sun yi kwana uku suna zafi. Mai jirgin tsakar dare zai iya yin Nakupenda cikin kwanciyar hankali in ya tanadi wurin wanka. Mai jirgin ƙarfe 5 ko 6 na yamma ya haƙura da ita.

Yanzu ga wadda ta ba mu wuya, kuma ita ce mafi daɗi a cikinsu duka, shi ya sa nake jin ciwon a ce an ɓata ta da gaggawa. Mashigin Menai na kudu maso yammacin tsibirin, yanki ne da aka keɓe don kare halittun ruwa tun 1997, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 470. Ana tashi daga Fumba, tafiyar minti 30 zuwa 40 a mota daga tsohon gari. Za ka ji ana kiran tafiyar Safari Blue. Asali sunan kamfani ɗaya ne, amma yanzu kusan kowane mai jirgi a wajen da wannan sunan yake tallar tasa, don haka sunan kaɗai ba ya gaya maka jirgin wa za ka hau. Jiragen na katako ne irin na gargajiya, masu dogon zane mai kusurwa uku da iska ke turawa, irin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin gaɓar Afirka ta Gabas da Oman da Indiya. Ana fita wajen ƙarfe 9 na safe, a tsaya a tudun yashi, a tsaya wurin murjani a leƙa kifaye da gilashin ido da bututun numfashi, a shiga wani tafki da itatuwan ruwan gishiri suka kewaye in ruwa ya ciko, sannan a sauka tsibirin Kwale a ci abinci. A Kwale akwai wata tsohuwar kuka da ta faɗi ƙasa amma ba ta mutu ba, ta ci gaba da tofo a kwance. Ɗan Hausa ba ya ganin kuka a tsakiyar teku bai ji wani abu a ransa ba. Na daɗe a tsaye ina shafa jikinta. Da yamma, in iska ta yi daidai, sai a kashe inji a ɗaga zane. Wannan shirun, da ƙarar igiya a jikin katako da ruwa na tsagewa a gaban jirgi, ban samu irinsa a wata tafiya ba.

Ga yadda ta kasance mana. Jirginmu na sama na ƙarfe 9 na dare ne. Wani saurayi a bakin ruwa ya yi mana farashi mai sauƙi, ya ce kafin 4 mun dawo. Na yi lissafi na ga akwai sarari, na biya. Ba mu bar Fumba ba sai kusan 11, don ana jiran wasu fasinjoji daga wani otal mai nisa. Tunda an makara a farko, komai ya bi ya makara. Da za mu dawo, injin ya ƙi tashi, iska kuma ta kwanta, muka yi kusan awa guda muna shawagi kafin wani jirgi ya ja mu. Kafin mu iso, ruwa ya janye, jirgi ya tsaya can nesa da gaɓa, aka ce kowa ya sauka ya taka. Maiɗakina na riƙe da gefen doguwar rigarta da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata, muna taka duwatsu masu kaifi, ana nuna mana inda za mu kauce wa wasu halittu baƙaƙe masu ƙaya kamar bushiya. Ta ce da ni a hankali, “Maigida, anya za mu samu jirgin nan kuwa?” Na ce in Allah ya yarda, amma gabana faɗuwa yake yi. Ƙarfe 6 ta wuce kafin mu shiga mota, kayanmu kuma suna otal a cikin gari. Mun samu jirgin, da ƙyar. Ba wanka, gishiri ya bushe a jikinmu, rigunan da suka jiƙe muka cusa cikin akwati tare da busassu, tsarabar kanumfari da kayan ƙamshi da muka bari sai ranar ƙarshe kuwa ko ƙwaya ba mu saya ba. Haka muka kwana a hanya jiki na ƙaiƙayi.

Ba laifin Menai ba ne. Tafiya ce ta awa bakwai zuwa takwas ko da komai ya tafi daidai, kuma tana da gaɓoɓi da yawa da kowanne zai iya jinkirta na gaba: motar ɗauko mutane, cikar fasinja, ruwa, iska, inji. Wanda “ranar ƙarshe” a wajensa ke nufin zai sake kwana ya tashi gobe da safe, to wannan ce tafiyarsa, kada ya yi wata-wata. Wanda zai tashi a daren ranar, ya mai da ita jiya ko shekaranjiya.

Mnemba ba zan daɗe a kanta ba. Tana arewa maso gabas, daura da ƙauyen Matemwe. Tsibirin kansa na wani otal ne mai zaman kansa, ba a sauka. Abin da ake zuwa yi shi ne iyo a kan murjanin da ya kewaye shi, wani lokaci a ci karo da dolfin, wata babbar dabbar teku mai kama da kifi. Ga wanda ya iya ruwa, nan ne kifaye suka fi yawa da launi. Ga wanda bai iya ba, kuma yawancinmu 'yan tudu ba mu iya ba, zama ne a ƙaramin jirgi mai gudu yana tsalle a kan igiyar ruwa, ga jiri ga tashin zuciya, kana kallon wasu suna nishaɗi. Daga can zuwa filin jirgi kuma fiye da awa ɗaya ne a mota. In kuma nutso da tukunyar iska aka tallata maka, to a ranar ƙarshe haramiyarka ce: ƙa'idar masu nutso ita ce a bar aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgin sama, da yawa ma cewa suke a cika awa 24. Dalili shi ne iskar da ta narke cikin jini a ƙarƙashin ruwa na iya zama kumfa idan aka yi sama da wuri, kuma abin na iya kai wa ga shanyewar jiki. Leƙen kifi daga saman ruwa da bututu bai shiga wannan hukunci ba.

Haka zancen yake ga Kizimkazi a can kudu, inda ake fita neman dolfin da sassafe. Ni abin da ya fi ja na a can ba dolfin ba ne, masallacin Kizimkazi Dimbani ne, wanda rubutun Kufi da ke jikin bangon alƙiblarsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Ya cancanci a ware masa rana a tsakiyar hutu, ba a je a guje ana duba agogo ba.

Saura jirgin faɗuwar rana. Shi ne mafi gajarta, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ana fita wajen ƙarfe 4 da rabi ko 5, rana kuma a Zanzibar tsakanin 6 da kwata zuwa 7 saura kwata take faɗuwa duk shekara. Ana yin sa daga tsohon gari, ana kuma yi daga Nungwi da Kendwa a arewa, inda ruwa ba ya janyewa da nisa kamar gabashin tsibirin, inda kuma har yau za ka ga masassaƙa a bakin ruwa suna haɗa jirage da hannu. Ba a jiƙewa, ba a gajiya, tsoho zai iya. Ga mai jirgin ƙarfe 1 ko 3 na dare, wanda daga gari zai tashi, wannan sallama ce mai kyau da tsibirin. Daga Nungwi kuwa sai ka ƙara awa ɗaya da rabi ta mota a cikin duhu, don haka ka lissafa.

Sai dai a nan akwai maganar da masu talla ba za su yi maka ba. Zanzibar ƙasar Musulmi ce, kiran salla na tashi ta ko'ina, abinci ba abin damuwa ba ne, amma jiragen haɗaka na masu yawon buɗe ido duniya ce daban. A yawancin na faɗuwar rana, musamman na arewa, akwai kiɗa da rawa da giya, kuma Turawa da kayan wanka suke shiga. A na Menai da Nakupenda ma haka shigar take. Wanda ya san zai takura, ko yana tare da iyaye ko iyali, ya ɗauki jirgi nasa shi kaɗai. In kun kai mutum biyar ko shida, bambancin kuɗin ba ya da yawa kamar yadda ake zato, kuma abin da ka saya ba sirri kaɗai ba ne: kai ke cewa a tashi, kai ke cewa a juya. A ranar ƙarshe wannan ikon ya fi komai tsada. Da Hajiya haka muka yi zuwa Changuu, kuma da ta ce ta gaji, ba mu jira kowa ba.

Magariba takan riski mai jirgin faɗuwar rana a kan ruwa ko yana sauka, azahar kuma takan riski na Menai da Nakupenda a kan yashi. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbata cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, don haka kifi da ƙaguwa da pweza duk babu shakka a kansu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne alƙibla. Mu mun saba fuskantar gabas, amma Zanzibar na kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa ake kallo. Nahodha da yaransa galibi Musulmi ne, ka tambaye su, za su nuna maka da murna, wataƙila ma su bi ka jam'i.

Kowace ka zaɓa, kafin kuɗi ya bar hannunka ka je ka ga jirgin da idonka. Ka ƙirga rigunan ceto, ka tabbata akwai na yara in da yara, ka sa a ɗaura musu tun kafin a tashi, ba sai an ga igiyar ruwa ba. Ka tambayi mutum nawa za a ɗauka, ka tambayi ƙarfe nawa ruwa zai janye yau; nahodha na gaskiya ba ya jinkirin amsa wannan. Ka ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai an dawo. Fasfo da tikiti su zauna a otal tare da kaya, kada su hau ruwa. Yawancin otal-otal na ajiye wa baƙo akwati bayan ya ba da ɗaki, wasu ma suna da wurin wanka na masu tafiya, amma sai ka tambaya tun daren jiya. Ka ware tufafin tafiya a sama-sama cikin akwati. Kada ka dogara da samun leda a shago don zuba jiƙaƙƙun kaya, Tanzaniya ta hana ledar sayayya tun 2019, ka zo da 'yar jakar da ba ta yoyo. Murjani da manyan ƙoƙunan teku kuma ka bar su inda ka gan su, ko an tallata maka, don suna iya jawo maka tsaiko a filin jirgi.

In an ce in yanke hukunci a taƙaice, da tikiti zan fara. Jirgi kafin la'asar: kada ka hau ruwa sam, ka zaga tsohon gari da ƙafa. Jirgi tsakanin la'asar da ƙarfe 9 na dare: Changuu da sassafe, ita kaɗai. Jirgi bayan tsakar dare: Changuu da Nakupenda in ruwa ya ba da dama, ko ka huta da rana ka hau na faɗuwar rana daga gari. Jirgi sai gobe: Menai. Wanda kuma da jirgin ruwa zai koma birnin Darussalam da ke babban yankin Tanzaniya, tafiyar kusan awa biyu, ya tuna cewa na ƙarshe da rana tsaka-tsakin la'asar yake tashi, ba da dare ba, don haka shi ma Changuu ce iyakarsa.

Mu a tafiya ta biyu, da muka dawo daga wajen kunkuru, mun yi azahar a wani masallaci cikin lungunan tsohon gari, muka ci shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari, sannan muka gangara kasuwar Darajani. Hajiya ta zauna a kan benci a shagon wani dattijo mai kayan yaji, ita ba Suwahili shi ba Hausa, amma da “bismillah” da “alhamdulillah” da nuni da yatsa suka yi ciniki har ya yi mata gyara da ƙullin kirfa. Ta sayi kanumfari na maƙwabta, ta sayi zannuwan kanga guda shida na jikoki mata. Muka koma otal kowa ya yi wanka ya sa busassun kaya, ƙarfe 5 muna cikin mota. A hanyar filin jirgi ƙaramar ta yi barci a cinyar kakarta, hannunta riƙe da ɗan kunkurun katako da aka saya mata a kasuwa.